Harshen Kyanwa: Yadda Mage Take Isar da Saƙo

Gabatarwa

Hausawa suna cewa, "Labarin zuciya a tambayi fuska." Ma'anar wannan karin magana ita ce, abin da ke cikin zuciyar mutum yakan bayyana a fuskarsa ko da bai buɗe baki ba. Wannan magana ba ta tsaya a kan 'yan Adam kaɗai ba. Dabbobin da muke zaune da su a gida su ma suna da hanyoyin nuna murna da tsoro da fushi da ciwo. A wannan darasi za mu duba ɗaya daga cikinsu, wato kyanwa.

Kyanwa tana da suna fiye da ɗaya a Hausa. Ana kiranta kyanwa, ana kuma kiranta mage. Jam'in kyanwa shi ne kyanwoyi, jam'in mage kuwa maguna. Namijin kyanwa shi ne muzuru. Ita ce dabbar da Yarbawa suke kira "ologbo", Ibo kuma suke kira "nwamba".

Duk da kusancinta da mutane, ana yawan yi wa kyanwa mummunar fahimta. Wasu suna cewa ba ta da amana, domin kana cikin shafa ta sai ta yakushe ka. Wasu kuma suna jin tsoronta saboda kukan da take yi da dare da kuma ƙyallin idonta a cikin duhu, har su danganta ta da maita. Saboda haka yara suke jifanta, ita kuma take yakushinsu. Gaskiyar magana ita ce, kafin kyanwa ta kai cizo ko yakushi, kusan kullum takan yi gargaɗi. Mu ne ba mu iya harshenta ba.

Asalin Kyanwar Gida

Idan muna son mu gane halin kyanwa, sai mu fara da asalinta. Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji, wadda har yanzu ake samu a dazuzzukan Afirka da Gabas ta Tsakiya. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce, mutanen Gabas ta Tsakiya suka fara noma suna tara hatsi. Hatsi ya jawo ɓeraye, ɓeraye kuma suka jawo kyanwoyin daji zuwa ƙauyuka. Manoma suka ga amfaninsu, suka bar su. A tsibirin Saifurus masu binciken kayan tarihi sun tono wani kabari mai shekara kimanin 9,500, suka tarar an binne kyanwa kusa da mutum. Mutanen Masar na dā kuwa sun girmama ta ƙwarai, har suna adana gawarta kamar yadda suke adana ta mutane.

Kyanwar daji tana da halaye biyu da ta gadar wa kyanwar gida. Na farko, ita kaɗai take farauta, ba ta tafiya a garke kamar yadda kakannin kare suke yi. Don haka take son ta mallaki wurinta, kuma ba ta son a tilasta mata. Na biyu, ko da yake mafarauciya ce, jikinta ƙarami ne, akwai manyan dabbobin da za su iya cinye ta. Don haka take da saurin tsorata, take son hawa wuri mai tsawo, take kuma son samun wurin ɓuya. Duk wanda ya riƙe waɗannan halaye biyu, sauran bayanin ba zai yi masa wuya ba.

Wutsiya

Wutsiya ita ce gaɓar da ta fi saurin bayyana abin da ke zuciyar kyanwa. Idan ta nufo ka wutsiyarta a miƙe sama, wani lokaci kan wutsiyar ya ɗan lanƙwasa kamar ƙugiya, to gaisuwa take yi. Haka 'ya'yan kyanwa suke tarar uwarsu. Idan ta sauke wutsiya ƙasa ko ta cusa ta tsakanin ƙafafu, tsoro take ji. Idan gashin wutsiyar ya tashi har ta yi kauri kamar tsintsiya, ta firgita ƙwarai, tana ƙoƙarin nuna cewa ta fi yadda take girma.

A nan akwai wani kuskure da masu kiwon kare suke yawan yi. Kare yakan kaɗa wutsiya idan ya ga ubangidansa, sai mutane su ɗauka cewa kaɗa wutsiya murna ce ga kowace dabba. Ga kyanwa ba haka ba ne. Idan tana kaɗa wutsiya da ƙarfi dama da hagu, ko tana buga ta a ƙasa, ranta ya soma ɓaci. Saƙonta shi ne, "Ya isa haka, a ƙyale ni." Idan kuma kan wutsiyar kaɗai yake motsi a hankali, alhali ta zuba wa wani abu ido, to ta hango tsuntsu ko ƙadangare ne, hankalinta yana can.

Kunnuwa, Idanu da Gashin Baki

Kyanwa tana iya juya kowane kunne shi kaɗai, ba tare da ta juya kai ba. Tana kuma jin siririn sautin da kunnen mutum ba ya iya ji, irin tsuwar ɓera a bayan buhu. Idan kunnuwanta suna tsaye suna kallon gaba, hankalinta a kwance yake, ko kuma tana sha'awar abin da take gani. Idan suka karkata gefe, ta soma damuwa. Idan ta kwantar da su baya har suka manne da kai, tsoro ko fushi ya kai matuƙa. A wannan lokaci kada wanda ya kai mata hannu.

Idanu ma suna magana. Baƙin da ke tsakiyar idon kyanwa yakan tsuke ya zama siriri kamar zare idan akwai haske sosai, ya kuma buɗe ya yi faɗi idan duhu ya yi. Amma idan ya buɗe da rana tsaka, alama ce ta tsoro ko zumuɗi. A wurin kyanwoyi, ƙura ido ba ƙiftawa barazana ce. Lumshe ido a hankali kuwa alamar aminci ce. A shekarar 2020 wasu masana a Jami'ar Saseks ta Ingila suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun gano cewa idan mutum ya lumshe wa kyanwa ido a hankali, sau da yawa takan mayar masa, kuma ta fi yarda ta matso kusa da shi ko da baƙo ne.

Gashin bakin kyanwa ba don ado kawai aka yi shi ba. Da shi take jin motsin iska, take kuma gane abin da ke kusa da fuskarta a cikin duhu. Idan tana cikin natsuwa, gashin yakan bazu gefe. Idan tana farauta yakan karkato gaba. Idan ta tsorata takan janye shi baya ya kwanta a kumatu. Bai kamata a yanke mata shi ba.

Murya

Kukan da kowa ya san kyanwa da shi shi ne "miyau". Ku lura, wannan kwaikwayon sauti ne, dabam yake da kalmar "miyau" mai nufin yawun baki. 'Ya'yan kyanwa suna yi wa uwarsu wannan kuka idan suna jin yunwa ko sanyi. Abin mamaki shi ne, manyan kyanwoyi ba su cika yi wa junansu shi ba. Mutane suke yi wa, domin sun lura cewa da shi suke samun abinci ko a buɗe musu ƙofa. Kamar yadda muke sauraronsu, su ma suna sauraronmu. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2019, wanda masana a Japan suka gudanar, ya nuna cewa kyanwoyin gida suna bambanta sunansu da sauran kalmomi. Ke nan idan ka kira kyanwarka ta motsa kunne kawai, ta ji ka sarai, zuwa ne ba ta ga dama ba.

Akwai kuma wani sauti mai taushi da yake fitowa daga maƙogwaronta, "gurrr", kamar ƙarar inji daga nesa. Galibi takan yi shi ne idan tana jin daɗi, misali idan tana kwance a cinyar mai ita ko tana shayar da 'ya'yanta. Amma takan yi shi kuma idan tana cikin ciwo ko naƙuda. Don haka idan kyanwa tana wannan sauti alhali ta ƙi cin abinci, ta kuma ɓuya a lungu, ba daɗi take ji ba.

Sautin gargaɗi iri biyu ne: huci da gurnani. Idan ta buɗe baki ta yi huci kamar maciji, ko ta yi gurnani mai kauri, tana cewa, "Kada ka matso." Yawanci tsoro ne yake sa ta yin haka. Idan aka ja da baya aka ba ta hanya, guduwa za ta yi.

Saƙon da Hancinmu Ba Ya Karantawa

Kyanwoyi suna aika wa junansu saƙo ta hanyar sansana. A kumatun kyanwa da haɓarta da goshinta da tsakanin yatsunta da gindin wutsiyarta akwai wasu ƙananan gurabe masu fitar da wani wari wanda hancin mutum ba ya ji. Idan ta goga kumatunta a ƙafarka ko a jikin kujera, tana sa alama ce cewa wannan mutum ko wannan wuri nata ne, kuma ta amince da shi.

Haka nan kartar itace ko tabarma. Mutane suna ɗauka ɓarna ce kawai. A haƙiƙa tana cire tsohon ɓawon faratanta ne, tana miƙa, tana kuma barin alamar da sauran kyanwoyi za su gani su sansana. Duka ba ya hana ta, domin ɗabi'arta ce. Abin da ya fi shi ne a ajiye mata guntun katako ko tsohuwar tabarma a kusa da inda take kwana. Muzuru kuma yakan fesa fitsari a jikin bango domin ya sanar da sauran muzurai iyakar wurinsa.

Misali Daga Gida

Mu ɗauki misalin wata yarinya mai suna Bola, wadda ta kai ziyara gidan ƙawarta Ladi. Kyanwar gidan ta nufo ta wutsiya a sama, ta goga jiki a ƙafarta. Bola ta zauna tana shafa mata baya. Can sai wutsiyar ta soma bugun ƙasa, fatar bayanta tana motsi, kunnuwa suka karkata gefe. Bola ba ta lura ba. Kyanwa ta mirgina ta nuna ciki, Bola ta kai hannu kan cikin. Nan take ta sha yakushi.

Bola ta ce, "Ladi, kyanwarku ba ta da amana!"

Ladi ta ce, "Ayya, sannu. Amma fa sau uku tana yi miki magana, ba ki ji ba."

Ladi ta yi gaskiya. Bugun wutsiya gargaɗi ne na farko, motsin fata na biyu, karkata kunne na uku. Nuna ciki kuma yana da ma'ana biyu. Wani lokaci alamar sakin jiki ce, wani lokaci kuma shirin kare kai ne, domin a rigingine faratan ƙafafunta huɗu duk suna fuskantar abokin gaba. Ko a lokacin sakin jiki ma, yawancin kyanwoyi ba sa son a taɓa musu ciki. Darasin da ke nan shi ne, ba a karanta alama ɗaya ita kaɗai. Sai an haɗa wutsiya da kunne da ido da murya, a kuma dubi abin da ke faruwa a wurin, kamar yadda ake haɗa kalmomi kafin jimla ta ba da ma'ana.

Kyanwa da Dare

Yanzu mu koma ga abubuwan da suke ba mutane tsoro. Me ya sa idon kyanwa yake ƙyalli a cikin duhu? A can bayan idonta akwai wani shimfiɗi mai kama da madubi, wanda yake mayar da hasken da ya shiga idon. Shi yake taimaka mata ta gani a cikin ɗan haske kaɗan. Idonta ba ya haifar da haske da kansa, hasken tocila ko na fitila yake dawo da shi. Kare da akuya da saniya duk suna da irin wannan shimfiɗi. Ku haska garken awaki da dare ku gani.

Me ya sa take kuka da dare kamar jariri? Mafi yawan lokaci macen ce take kiran muzuru a lokacin barbara, ko kuma muzurai biyu ne suke jayayya a kan wuri. Bayan barbara, kyanwa takan ɗauki ciki na kimanin mako 9. Me ya sa take yawo lokacin da mutane suke barci? Domin ta fi kuzari da magariba da kuma asuba, lokacin da ɓeraye suke fitowa. Da rana kuwa barci take yi. Kyanwa takan yi barcin awa 12 zuwa 16 a kowace rana. Sai dai ko tana kwance, kunnenta yana aiki. Shi ya sa Hausawa suke yi mata kirari da "mage mai kwanciyar ɗaukar rai."

Wannan yawon dare yana da amfani gare mu. Ɓera yana cin hatsi a rumbu, yana kuma yaɗa cuta. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lasa da ke jihar Borno ta yanzu, wani nau'in ɓera ne yake ɗauke da ƙwayarsa. Daga cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar don nisanta ɓeraye daga gida akwai rufe abinci da kyau, da tsabtace muhalli, da kuma ajiye kyanwa.

Yadda Za Mu Zauna da Ita Lafiya

Idan za ka kusanci kyanwar da ba ta san ka ba, ka durƙusa, ka miƙa yatsa ɗaya, ka bari ita ta zo ta sansana. Kada ka ƙura mata ido, kada ka bi ta da gudu, kada ka rutsa ta a lungu. Ka shafa ta a kumatu da ƙarƙashin haɓa, ka daina da zarar wutsiya ta fara bugu. Kada ka ja mata wutsiya, kada kuma ka dame ta idan tana cin abinci ko tana tare da jariranta. 'Ya'yan kyanwa da aka saba ɗauka a hankali tun suna da mako 2 zuwa 7 sun fi sabawa da mutane idan sun girma.

Kyanwa takan ɓoye ciwonta. Idan ta daina lasar jikinta, ko ta ƙi abinci, ko ta riƙa ɓuya, ko halinta ya sauya farat ɗaya, a kai ta wurin likitan dabbobi. Kada a ba ta maganin mutane. Farasitamol, alal misali, guba ne gare ta, yana iya kashe ta. A kuma yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana kamuwa da shi, tana kuma iya sa wa mutum. Duk wanda kyanwa ta ciza ko ta yakusa har jini ya fito, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Kammalawa

Hausawa suna kiran wanda ba ya iya cutar da kowa "kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi." Kyanwar gaske tana da haƙora da farata, amma ba ta cika amfani da su a kan mutum ba sai gargaɗinta ya ƙare. Ku da kuke koyon Hausa kun san cewa sabon harshe yana buƙatar saurare da haƙuri. Haka harshen kyanwa yake. In kun koma gida yau kuka gamu da kyanwa a bakin ƙofa, ku tsaya ku dubi wutsiyarta kafin ku kai hannu.

Ma'anar Kalmomi

Muzuru: namijin kyanwa.
Yakushi: kartar fata da farce.
Gargaɗi: jan kunne kafin wani abu ya faru.
Huci: fitar da iska da ƙarfi saboda fushi ko tsoro.
Lumshe ido: rufe ido a hankali ba don barci ba.
Ƙura ido: kallon abu ba ƙiftawa.
Rigingine: kwanciya a kan baya, ciki yana kallon sama.
Barbara: saduwar namiji da macen dabba domin haihuwa.
Rumbu: wurin da manomi yake adana hatsi.
Rutsa: tare wani a inda ba shi da hanyar gudu.

Tambayoyi

1. Kawo wani suna na kyanwa a Hausa, sannan ka faɗi jam'insa.
2. Waɗanne halaye biyu kyanwar gida ta gada daga kyanwar daji?
3. Mene ne bambanci tsakanin kaɗa wutsiyar kare da ta kyanwa?
4. Waɗanne alamu uku kyanwa ta nuna wa Bola kafin ta yakushe ta?
5. Me ya sa idon kyanwa yake ƙyalli da dare?
6. Me ya kamata wanda kyanwa ta ciza ya yi?
7. Yi amfani da kowace ɗaya daga waɗannan kalmomi a cikin jimla: lumshe, gargaɗi, rumbu, huci.

Aikin Gida

Zauna ka lura da wata kyanwa ta gidanku ko ta maƙwabta na tsawon minti 10, ba tare da ka taɓa ta ba. Rubuta jimloli 8 da Hausa a kan abin da wutsiyarta da kunnuwanta da idanunta suka yi. Sannan ka tambayi wani dattijo karin magana ɗaya a kan kyanwa a harshenku na gida, ka zo da shi aji domin a kwatanta shi da na Hausa.